Ita aka yi wa aiki, ita ya kamata ta fara sani

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin kabad ɗin magani in bar ɗakin masu haihuwa, kuma ɗaliban da ke zuwa mana koyon aiki sun matsa mini in bar musu wani abu a rubuce. Awon jini da sa robar fitsari sun iya, ba sai na maimaita ba. Abin da zan ba su shi ne labarin takardar tuhumar da har yau take cikin fayil ɗina, wadda ban taɓa jin kunyarta ba.

Da asuba aka kawo wata matashiya daga ƙauye. Ta daɗe tana naƙuda a gida, sannan aka yi mata allurar naƙuda a kemis alhali ɗan bai da hanyar fita. Mahaifa ta fashe, ɗan ya rasu a ciki, jini ya cika mata ciki. Da aka buɗe ta a tiyata likita ya ga yagewar ba ta ɗinkuwa, ya cire mahaifar don a ceci ranta. Mijin ne ya sa hannu, kuma wannan daidai ne, domin ba ta cikin hayyacinta, jira kuwa mutuwa ce. Har nan babu wanda ya yi laifi.

Bayan ta farfaɗo, ina wanke mata ɗinki, sai ta riƙe mini hannu ta ce, "Malama, sai yaushe zan iya ɗaukar wani cikin? Uwar mijina ta ce in yi haƙuri, Allah zai ba ni wani." Na duba folda tun daga shafin farko. An rubuta aikin da aka yi, an rubuta ledar jinin da aka ƙara mata, amma babu inda aka ce an yi wa mara lafiya bayani. Na je wajen shugabar ɗakinmu, ta ce mijin ya roƙi kada a faɗa mata, kuma ita ta amsa masa. Na ce, "Mama, ai ita aka yi wa aikin." Ta ɗago ta kalle ni a gaban ɗalibai ta ce, "Ke yarinya, aure kika zo kashewa ko jinya kika zo yi?"

Ban faɗa wa matar da bakina ba, don wannan bayani na likitan da ya yi aikin ne. Amma ban yi mata ƙarya ba. Na ce mata akwai bayanin da likita zai yi mata a kan aikin, zan kira shi, kuma zan tsaya tare da ita. Na rubuta a folda cewa mara lafiya ta tambayi batun haihuwa nan gaba kuma ba a sanar da ita abin da aka yi mata ba, na sa lokaci, na sa hannu. Da likitoci suka zo zagaye na tayar da maganar. Ashe shi likitan ya ɗauka mun faɗa mata, mu kuma muna jiran sa, da kuma haka za a sallame ta.

Likitan ya fara zama da mijin, sannan ya haɗa su. Ta yi kuka sosai, ba zan ɓoye ba. Amma da ta natsu, tambayoyinta na mai hankali ne. Za ta ƙara ganin al'ada? Za ta iya kwanciya da mijinta? Jikinta zai koma irin na maza, kamar yadda ta ji ana faɗa? Aka amsa mata ɗaya bayan ɗaya: al'ada ba za ta dawo kamar da ba, mu'amalar aure za ta ci gaba bayan ta warke, kuma tunda an bar mata ma'ajiyar ƙwai, jikinta na mace yana nan yadda yake. Waɗannan amsoshi ne aka so a hana ta.

Washegari shugabar ta ce in yage shafin in sake rubutawa, wai ya ɓata sunan ɗaki. Na ƙi. Takardar tuhuma ta biyo baya, laifina rashin biyayya da tsallake na gaba. Daga nan kullum sunana yana cikin jerin masu aikin dare, takardar neman ƙaro karatuna kuma ta kwanta a durowarta har lokacin ya wuce. Ana cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma a wannan karon likita namiji ne ya ja kujera ya zauna da matar, mace 'yar'uwarta ce ta tsaya a hanya.

Na san hujjar shugabar, kuma ba zan ce babu komai a ciki ba. Mace mara haihuwa a gidan da ake ƙirga 'ya'ya tana cikin haɗarin saki ko wulaƙancin kishiya, kuma labari mai nauyi a kan gadon jinya yana iya karya mutum. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta Najeriya ta 2014 ma, a sashe na 23, ta bar ƙofa: ana iya riƙe bayani idan akwai ƙwaƙƙwarar shaida cewa faɗar za ta cutar da mara lafiya. Amma amfanin mara lafiya dokar ta ambata, ba kwanciyar hankalin miji ko dangi ba. Sashen ya wajabta a sanar da mutum halin lafiyarsa, hanyoyin magani da ake da su, amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, da 'yancinsa na ƙin karɓa, kuma a yi masa bayani da harshen da yake ji, gwargwadon iliminsa. Kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 shi ma ya nanata haka. Tun 2001 Kotun Ƙoli, a shari'ar Dakta Okonkwo wanda bai yi wa wata mara lafiya ƙarin jini ba saboda ta ƙi bisa addininta, ta tabbatar da cewa baligi mai hankali shi ke da iko da jikinsa. Wanda aka ba ikon cewa a'a, ta yaya za a hana shi sanin abin da aka cire masa?

Ana iya jinkirta magana har zazzaɓi ya sauka, har a samu wanda za ta jingina da shi. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ta fita daga asibiti ba ta sani ba. Duk wadda ta yi aiki a asibitin mata ta ga irinsu: mace ta zo da shekaru babu al'ada, an gaya mata kwantaccen ciki ne, ta sayar da akuya da kwano wajen masu magani, sai na'urar hoton ciki ta nuna babu mahaifar ma. Ranar nan ba likitan da ya ceci ranta take tunawa ba, mu take tunawa, mu da muka yi mata wanka muna murmushi muka yi shiru.

Sauran abubuwan gajeru ne. Kada ki rubuta allurar da ba ki yi ba, ko da wa ya ce ki cike gurbin. Mai jijjiga da ke kan maganin magnesium, ki ƙirga numfashinta, ki buga gwiwarta ki ga ko ƙafar za ta zabura, ki duba fitsarinta kafin kowace allura, kuma calcium gluconate, maganin da ke karya gubar magnesium, ya kasance kusa. Miƙa aiki a bakin gado ake yi, ba a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa ba. Ki ja labule kafin ki ɗaga zani. Hoton mara lafiya ba ya hawa WhatsApp, sashe na 26 na dokar nan ya hana fitar da sirrinsa. Mai naƙuda kuma ba a tuna mata daren da ta ɗauki cikin, wannan zagi ne ko da dariya aka faɗe shi.

Idan aka ba ki takardar tuhuma, ki amsa a rubuce cikin ladabi, ki kawo lokaci da abin da ya faru kawai, ki ajiye kwafi a gida. Waɗanda suka ba ni tawa suna nan a kujerunsu, kuma ɗaliban da suka tsaya suna kallo ranar nan su ne za su yi aiki a ƙarƙashinsu bayan na tafi.