Talata, a ɗakin labarai

Wuta ba ta zo ba sai bayan azahar, ga labarai sun taru. Cikinsu akwai na wata shari'a a Amurka, inda aka ce wani ya yi "turn state's evidence". Yaron da ke koyon aiki a wurinmu ya rubuta "ya ba jiha shaida", ya kawo mini.

Na ce, "Zauna, ƙanena. Wace jiha, Kano ko Katsina?" Ya yi dariya. Na ce masa "state" a nan hukuma ce mai gabatar da ƙara. Kuma ba kowane mai shaida ake faɗa wa haka ba. In ka ga an fasa shago ka je kotu ka faɗa, kai shaida ne kawai. Wannan magana ta wanda da shi aka yi ɓarnar ce, da ya ji matsa sai ya koma ɓangaren lauyoyin gwamnati, ya tona asirin abokansa don a yi masa sassauci ko a sake shi. A Ingila da sunan sarauta ake ƙara, shi ya sa suke cewa "King's evidence". Zamanin Sarauniya Elizabeth "Queen's" ake cewa, da ta rasu a 2022 aka koma "King's". Muka rubuta: ya juya wa abokan laifinsa baya, ya zama shaidar gwamnati.

Ya ce, "Yallaɓai, to ai ya yi abin kirki ke nan." Nan ne na ajiye biro.

Na ba shi labarin Sammy Gravano, na hannun daman John Gotti, shugaban wani gungun miyagu a New York. A 1992 ya tsaya gaban kotu ya zayyana komai. Gotti ya sha ɗaurin rai da rai, a kurkuku ya mutu a 2002. Shi kuwa Gravano, wanda da bakinsa ya amsa cewa da hannunsa a kisan mutum 19, shekara 5 aka yanke masa. Goma sha tara fa! Tun 1828 ma an yi irin wannan a Edinburgh ta ƙasar Scotland: wasu mutum biyu, Burke da Hare, suna kashe mutane suna sayar wa wani likita gawa, Hare ya ba da shaida aka sallame shi, Burke aka rataye.

Na san in ba da irinsu ba, manyan ba sa kamuwa, don ɓarawo shi ya san sawun ɓarawo a kan dutse. Amma ni raina bai taɓa kwanciya da maganar mutumin da yake fansar kansa da bakinsa ba. Abin da masu ƙara ke son ji, shi zai fi sauƙin fita.

Yaron bai san zancen Sajan Rogers ba, lokacin yana ƙarami. Rogers ne babban shaidar gwamnati a kan Manjo Hamza Al-Mustapha a shari'ar kisan Kudirat Abiola, wadda aka harbe a Legas a 1996. Ya ce shi da kansa ya harbe ta bisa umarnin Al-Mustapha, daga baya ya janye maganarsa a gaban kotu. Duk da haka aka yanke wa Al-Mustapha hukuncin kisa a 2012, sai a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta soke shi, ta sallami Al-Mustapha bayan ya shafe fiye da shekara 14 a tsare.