Tokar ƙuduji

Kafin yaƙi ya watsa mu, shekara uku na yi ina kula da lebura a wata gonar dawa kusa da Maiwurno, a ƙasar Sudan. Manajanmu ya je kwas Masar, ya dawo da dabarar wani ɗan Ostiriya, Rudolf Steiner, wadda ya koyar a 1924: a tara iri na ciyawar da ta addabi gona, a ƙone shi, a barbaɗa tokar, wai cikin shekara huɗu ciyawar za ta ƙaurace wa wurin. Ban yi musu ba, don toka ba baƙuwarmu ba ce, iyayenmu ma da ita suke cuɗa wake kada ƙwari su ci.

Ƙuduji muka sa a gaba, wanda Larabawan can ke kira buda. Bisa umarnin manaja, na sa aka bar shi har ya ƙosa, muka karyo kawunansa muka cusa a tsohon buhu. Wani dattijo cikin leburan ya tare ni ya ce, "Ɗana, irin nan ya fi gari laushi, ƙone shi a inda ka tsinke shi." Na ce, "Baba, manaja ya ce sai daren da farin wata ya cika." Na saɓi buhun na ratsa fadan biyar (kusan eka biyar) mafi tsabta da muke da su, na rataye shi kwana tara a rumfa, iska na kaɗa shi.

Da damina ta zagayo, furen nan mai ruwan hoda ya fito layi guda, daidai sawuna, daga bakin kwata har rumfar. Dawar wurin ta tsumbure, ta yi ɗorawa. Tushen ƙuduji ɗaya na zubar da dubban iri, irin kuma yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma yana jiran saiwar dawa. Ni na shuka shi da kafaɗata.

Laifin buhu nawa ne, na ɗauka. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne yadda manajan ya tsaya gaban mai gona ya ce na kuskure daren ƙonawa ne, alhali shi ya hana mu cire ƙudujin da wuri. Aka zaftare mini albashin wata biyu.

Mai son gwada tokar ya ware kunya kaɗan, ya bar wasu babu ita, ya ƙirga da idonsa. A inda muka barbaɗa, ni ban ga bambanci ba. Abin da ya rage mana ɓarna shi ne tuge ƙuduji kafin ya yi fure, da takin shanu, da sa gyaɗa a gurbin dawa. Baban nan ne ya jagoranci tugewar, asuba bayan asuba, bai taɓa tuna mini maganar buhu ba.