Ashe hanjinmu gari guda ne

Jiya ina dawowa daga lakca a BUK cikin adaidaita sahu, wani dattijo ya hango hoton hanji a handawut ɗina yace "'yata me kike karantawa haka?" Nace Baba ƙwayoyin da ke zaune a jikin mutum ne, bakteriya kusan tiriliyan 38, yawancinsu a babban hanji. Yace a'uzubillahi ai cuta ce. Nace a'a Baba, su ke taya mu narkar da abinci, suna yin bitamin K, kuma su cike wajen ta yadda ƙwayar taifod ke shan wahala kafin ta samu gurin zama.

Ni dai abinda yafi burgeni majinar nan mai yauƙi da ta lulluɓe bangon hanji, cikinta akwai garkuwar da ake kira IgA, tana cafke ƙwayar cuta tun kafin ta manne, kuma jariri daga nonon uwa yake fara samunta, musamman dakashin farko da wasu ke matsewa su zubar wai datti ne, wallahi abin nan yana min ciwo.

Ga shan Flagyl da Ampiclox daga kemis, ciki ya ɗan murɗa sai a afa, a kashe bakteriyar hanji na kirkin tare da mugayen. Baba yayi shiru, a Kabuga ya sauka yana cewa jikarsa haihuwa yau ko gobe.