Hilux ɗin kawu ta daina ƙarar giya, ashe rulmar tsakiyar volan ce

Alhamdu lillahi, ƴan uwa masu koyo, yau da hantsi giya ta ɗaya ta shiga da yatsa biyu, ribas ma ta shiga shiru. Wanda ya san yadda motar nan ta cinye mini rai zai gane abin da ya sa nake rubutu hannuna bai gama fita daga baƙin mai ba.

Hilux ce mai injin 3L, gazuwal, giya biyar, tana jigilar kaya tsakanin Maradi da kasuwannin ƙauyukan Dakoro, rabin hanyarta rairayi. Ciwonta: inji a kashe, kowace giya na shiga lafiya lau. Ka tada inji, ta ɗaya sai da ƙarfi, ribas kuwa ƙarrr, har masu shayi su waigo. Direban ya saba da dabarar sa ta huɗu tukuna kafin ya koma ribas, shi a ganinsa halin mota ne. Kun san ribas ɗin irin wannan bwat (akwatin giya) ba ta da sinkuro, wato zoben da ke daidaita gudun giya kafin ta shiga, saboda haka in ka taka ambirayaj (fedar da ke raba inji da bwat) har ƙasa, ka ɗan jira, kuma ta yi ƙara, to sandar da ke shiga bwat ba ta tsaya ba. Wani abu yana juya ta.

Na fara da man bwat. Abin da ya zubo mai kauri ne irin na 85W-140, na difaranshiyal, wani ya ɗura mata. Na sa 75W-90. Taurin sanyin safiya ya ragu sosai, amma ƙarar tana nan daram. Sai cire iska daga layin man ambirayaj, da sabon man birki DOT 3, ƙanena yana taka feda ina ƙasa ina buɗewa ina rufewa har ya fara ƙunƙuni. Na auna wasan feda, yana cikin milimita 5 zuwa 15 da ake so. Na sa ya danne feda ya riƙe, na zuba wa sandar famfon ƙasa (na jikin bwat) ido ko za ta ja da baya a hankali, alamar famfon sama (na wajen feda) na sakin mai ta ciki. Ko motsi ba ta yi ba. Cokali, ƙarfen da sandar famfon ƙasa ke turawa ya saki ambirayaj, yana tafiya yadda ya kamata, babu tsagewa a inda ido ke kai wa.

A nan na tsaya cak, kuma a nan haushi ya kama ni. Duk wanda ya leƙo garaji sai ya ce sinkuro ne, a buɗe bwat. To in sinkuro ne, me ya kawo ribas cikin maganar? Kuma sinkuro ba ya mutuwa a giya duka rana guda. Na faɗa wa maigidana haka, ya ce, "Yaro, in waje ya wanke kansa, ciki za ka shiga. Sauke ta."

Sauke bwat ɗin katkat a kan ƙasa ba rami, da jak ɗaya da tsohuwar taya, ba zan so wa maƙiyina ba. Kawu ya riga ya aiko da disk da plato da bute, wato saitin ambirayaj, daga Katsina ta Jibiya, kuɗinsu ya kai jika 70 da na hanya, don mun ɗauka disk ne ya lanƙwashe. Da na cire tsohon, na ɗora shi a kan gilashi: miƙe yake, da sauran nama. Haƙoran tsakiyarsa sun ɗan yi tsatsa amma yana zamewa a kan sanda. Zuciyata ta faɗi.

Sai na kai yatsa cikin ramin tsakiyar volan, faifan ƙarfen bayan inji da disk ke mannewa, inda ƴar rulma (boris) mai riƙe bakin sandar bwat take. Ba ta juya ba. Na sa ƙarfi, ta yi ƙas ta tsaya. Murfinta na roba ya fashe, cikinta jar ƙura ce da ta daskare da busasshen giris kamar ƙanzon tukunya. Na koma kan bakin sandar bwat, ga shi ya yi shuɗi-shuɗi saboda zafi, da wani siririn zobe da rulmar ta ci. Aikinta kawai ta riƙe bakin sandar ta bar shi ya juya daban da inji. Da ta ƙame, inji ya ci gaba da jan sandar ko da disk ya saki sarai, sinkuro kuma yana ta kokawa da inji a kowace shiga.

Ba mu da abin zaro ta. Na cusa jiƙaƙƙen sabulu a bayanta har ramin ya cika, na samo ƙarfe daidai faɗin raminta, ina bugawa da guduma ina ƙara sabulu. Tana fitowa kaɗan-kaɗan har ta faɗo a tafin hannuna. Sabuwa jika 2 da rabi na saye ta. Jika 2 da rabi! Bakin sandar na goge shi da takardar yashi mai laushi, na shafa giris kaɗan a haƙora, kaɗan ƙwarai don kada ya fantsama a disk. Tun da an riga an saye sabon saitin, shi na ɗaura, tsohon na ajiye wa kawu, bai ji daɗi ba ko kaɗan da ya ga lafiyarsa.

Na gwada ta a hanyar Tibiri. Ta ɗaya, ta uku, ta huɗu, ta biyar da ribas duk sumul. Ta biyu ce kawai ke ɗan cijewa in na sauko daga ta uku da sauri, ina zargin zoben tagullarta ya ci wuya tsawon lokacin da aka yi ana tura ta da ƙarfi. Sandar giya kuma tana lilo fiye da kima, robar da take zaune a kai ta marmashe, na ga gutsattsarinta da na cire ta. Ita zan nema gobe a wajen masu kayan tsofaffin motoci, kafin in yarda wani ya sa ni buɗe bwat saboda giya ɗaya.