Darussan da na koya daga nazarin bangayen birnin Kano

A shekararmu ta uku a sashen zanen gine-gine, malamai suka raba mu rukuni-rukuni, suka ba kowane rukuni wani yanki na gari domin ya tattaro yadda fuskokin gine-ginensa suke, wato kaushinsu da santsinsu da launinsu da kayan da aka yi su da shi, sannan ya fitar da zane guda na haɗin gwiwa. Rukuninmu ya sami lungunan da ke tsakanin Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi, inda cikin taku kaɗan mutum zai wuce ginin tubali da ginin bulo da rumfar kwano.

Tun da wuri muka fahimci cewa hoton waya ba ya kama kaushin bango yadda ido yake ganinsa. Idan rana ta doki bango gaba da gaba, ko hazon hunturu ya dushe ta, adon dagin da magini ya fitar da hannunsa yakan fito a hoto a shafe, sai fa in hasken ya zo ta gefe ya ba kowane tudu inuwarsa, don haka kowane bango da lokacin da ya kamata a je masa. Muka koma ɗora farar takarda a jikin bango muna goga gawayi a kanta, abin da ke fitar da tsaga da sawun yatsu ɗaya bayan ɗaya. Muka kuma amince kowa ya riƙa jingina rula mai santimita 30 a kowane hoto, domin in ba a yi haka ba, aikin mutum biyar ba zai taɓa haɗuwa a kan ma'auni ɗaya ba.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai na same shi ne a wajen wani dattijon magini da mai unguwa ya haɗa mu da shi. Da muka ce, "Baba, me ya hana ruwa cinye saman wannan soron?" sai ya nuna mana ragowar laso, shafen gargajiya mai hana ruwa shiga gini, a gindin zanko, ya lissafo abin da ake haɗa shi da shi: katsi, wanda ake kwasowa daga gindin rijiyar marina a busar a toya a daka, da gashin jima daga wurin majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Makubar da ke ba bango jan nan mai duhu kuwa daga ɓawon ɗorawa take, azarar rufi kuma daga giginya, wadda gara ba ta cika damunta ba. Ashe soro ɗaya yana tsaye ne a kan sana'ar marini da majemi da mai saran giginya, ba ta magini kaɗai ba. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, tana nan kusa da inda muke aiki, kuma duk wanda ya ga yawan rijiyoyinta da aka daina rini a cikinsu ba zai yi mamakin yadda laso ya yi wuya ba.

Abin da ya maye gurbinsa shi ne shafen siminti a kan ginin ƙasa, kuma a nan kunne ya fi ido amfani. Siminti ba ya manne wa ƙasa da kyau, kuma idan ruwa ya sami kafa ya shiga bayansa, simintin ba ya barin ƙasar ta bushe, sai bango ya riƙa ruɓewa ta ciki alhali fuskarsa tana sumul. In ka ƙwanƙwasa irin wannan wurin za ka ji amo kamar na ƙwarya a kife.

Rabon aiki ma wurin ne ya tsara mana shi. Mu maza iyakarmu zaure, 'yan'uwanmu mata su ne suka shiga cikin gidaje, kuma su suka dawo da gugar gawayin wani tsohon daɓe, irin wanda mata ke taruwa su buga da madaɓi suna waƙa. A ganina wannan takardar ta fi duk abin da muka tattaro a waje daraja.

Gardama ta taso lokacin haɗa allon nuni. Wasu daga cikinmu sun so a tsaya ga tsofaffin gine-gine, a fitar da kwano mai tsatsa da fastocin zaɓe da lambobin wayar da masu sana'a ke rubutawa da fenti, suna cewa ƙazanta ce kawai. Ni ina cikin waɗanda suka ƙi, domin birnin da za a zana ba tare da su ba, ba shi ne wanda mutane ke kwana a cikinsa ba. Abin da ya raba gardamar shi ne shawarar jera komai bisa tsayinsa daga ƙasa: a gindi zaizayar da ruwan indararo ke yi in ya fantsama, daidai kafaɗa santsin da gugar masu wucewa ta bari tare da fastoci, a sama kuma zankwaye da laso.

Daga wannan jerin muka fitar da zanenmu, wata rumfar hutawa ta bakin kasuwa mai gindin dutse har zuwa gwiwa, da jikin tubali shafe da makuba, da indararo mai tsawon da zai jefa ruwa nesa da gindin bango. A gefen takardar muka rubuta jadawalin yaɓen da za a riƙa sabuntawa kafin faɗuwar kowace damina, da sana'o'in da za a nemi kayan aikin a wurinsu.