Neman bakin yoyo a rufin ɗaki

Gyaran rufi ne sana'ata, ni da yarana muna zaga unguwannin Maraɗi, daga Zariya har Ali Ɗan Sofo. Kira ya fi yawa a watan Agusta, kuma kusan kowa magana ɗaya yake yi: "Malam, ga wurin nan, bisa gado yake ɗiga." Nakan duba, amma ba nan nake kafa tsani ba. Ruwa yakan shiga ta can sama, ya bi jikin katako ya gangaro nesa kafin ya ɗigo. Wanda ya shafa kwalta daidai inda ya ga jiƙa, kuɗinsa kawai ya zubar.

Da rana tsaka nake son shiga cikin silin, don duk hudar da ke jikin kwano haske zai tona ta. In ba a gani ba, sai a bi sawun tsatsa da baƙin da ruwa ya bari a katako har inda ya tsaya. In abin ya ƙi, yaro ya hau da bokiti, ya fara zuba ruwa daga bakin rufi yana yin sama sannu a hankali, ni kuwa ina ciki ina kallo. Da an fara daga sama, ko'ina zai jiƙe, ba za a gane komai ba.

Sau da yawa ƙusa ce. Ko an buga ta a kwarin kwano inda ruwa ke gudu maimakon a kan tudunsa, ko zafin Afrilu ya busar da robarta ta tsage. Ana cire ta, a toshe hudar, a buga sabuwa a wurin da ya dace. Sai gefen gabas, inda hadarinmu ke tasowa: iska na tura ruwa ƙarƙashin haɗin kwano in ba a ɗora shi da faɗi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne gidajen da aka ɓoye kwanonsu bayan katanga don ado, gangarar kuma kaɗan ce. Ƙurar hunturu da ganyen dogonyaro su cika indararo, ruwa ya kwanta ya koma ciki. Alhaji ya ce a sake kwano gaba ɗaya, ni kuma in ce, "Ranka ya daɗe, bari mu fara share indararo tukuna." Sau tari aikin ke nan.

Ɗakin ƙasa ba a yi masa wasa. Bayan gidajen da suka rushe a daminar 2024, ba na yarda a yi yaɓe sai na ƙwanƙwasa azara na ji ko gara ta cinye ta. In ta ci, ina gaya wa maigida ya fitar da iyalinsa daga ɗakin ranar nan, sannan mu yi maganar kuɗin aiki.