TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 9: "Ai rabin wata suna gidana"

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wancan satin na tsaya a inda alƙali ya yanke wa baban yara dubu ashirin duk wata kuɗin ciyarwa, a 2021 kenan, lokacin kuɗi na ɗan auki.

Toh da yaran suka tasa sai Kawu ya zaunar da mu aka yi sulhu, ran Juma'a in an sakko daga masallaci su tafi gidan ubansu a Hotoro, Lahadi da yamma a dawo min da su Kurna, hutun makaranta kuma a raba. Ban ƙi ba wallahi, ai 'ya'yansa ne.

Sai ga 2023 an cire tallafin mai, litar da ba ta kai ɗari biyu ba ta haura ɗari biyar, ɗan adaidaita ya ninka, kwanon shinkafa kuwa ba'a magana, dubu ashirin ɗin ko sati biyu bata kaiwa. Na kira shi nace Abban yara dan Allah a duba a ƙara mana, buɗar bakinsa sai cewa yayi "ke da nake shirin ragewa? Ai rabin wata suna gidana, tuwona suke ci." Ƙarshen wata kuwa dubu sha biyu ta shigo.

Na zauna na ƙirga da yatsa, daren Juma'a da na Asabar, kwana takwas a wata, ina rabin yake? Kuma kuɗin tara da na Islamiyya da maganin zazzaɓi duk a ranakuna suke faɗowa, kayan da suka sa a can ma a leda ake ƙullo min su da dauɗarsu, omo nawa.

Malamin layinmu ya ce a Malikiyya riƙo na uwa ne muddin bata yi wani auren ba, namiji har ya balaga, mace har ta tare ɗakin miji, ci da sutura kuwa na kan uba gwargwadon ƙarfinsa, kuma abinda alƙali ya yanke ba'a zama a gida a zaftare shi, mai son ragi ko ƙari kotu zai koma.

Umma tace "ki bar shi da Allah 'yar nan, kar a ce kin fiya kai ƙara." Nace Umma da haƙurin zan auno masara?

Ran Litinin na tattara rasit ɗin makaranta da na kemis a jaka, na je na yanko sammaci. Abinda ya faɗa a gaban alƙali sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.